Darasin da Yakuba Ya Kwaso

A Gidan Takama ba a kiran Yakuba da sunan ubansa. Yakuba Bik ake ce masa, saboda bik ɗin, wato biron rubutu, da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa ko gona za shi. Masu zaman gindin bishiyar bedi a bakin masallaci suna cewa tun da ya shiga ajin yaƙi da jahilci, yana da shekara arba'in da ɗoriya, bai sake wuce takarda a ƙasa ba sai ya duƙa ya ɗauka ya hure mata ƙasa. Wasu sun ce ya iya karatu. Wasu sun ce zane kawai ya iya, irin na masu yi wa ƙwarya ado. Matarsa Sakina kuwa, in mata suka tsokane ta a bakin rijiya, cewa take, "Ku ƙyale shi, bik ɗin bai taɓa tsone idon kowa ba." Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, ba abin da Yakuba ya sa a gaba kamar karatun ɗiyarsa Barira.

Barira tana aji shida, ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar firamaren garin. Ta taɓa maimaita aji huɗu shekarar da sanƙarau ya kwantar da ita, kuma tun a lokacin darakta, shugaban makarantar, ya faɗa wa Yakuba cewa ba a maimaitawa sau biyu. Don haka bana ko ta wuce koleji a Tsarnawa, ko ta dawo gida ke nan.

Ana cikin haka cutar korona ta sa aka rufe makarantu, bazara tana shigowa. Malamai suka ɗaure kayansu a babur suka koma Konni. Bayan kwana goma maigari ya sa aka yi shela bayan sallar Juma'a cewa karatu bai tsaya ba, malamai suna aiko da darasi ta waya, mai babbar waya ya duba wa ɗansa.

Gidan Yakuba ba babbar waya. Washegari da asuba ya saɓa sanda ya kama hanyar Tsarnawa a ƙafa, kilomita bakwai, ya je rumfar Halilu mai cajin waya a bakin titi, inda motocin siminti na Malbaza ke tsayawa direbobi su ci tuwo.

"A'a, ɗan lakwal! Yau mi anka samu?" in ji Halilu, hannunsa cike da igiyoyin caji.

"Darasin lakwal da anka ce yana cikin waya. Kana da shi?"

"Ga shi nan birjik. Kullum sai sun turo ma Yasmin." Ya latsa wayar ya miƙa masa. "Kada dai ka taɓa nan, sai ya gudu."

Yasmin ɗiyar Halilu ce, aji uku take. Halilu bai tambayi ajin Barira ba, wani direba na yi masa magana a lokacin. Shi kuma Yakuba bai san akwai abin tambaya ba. A rumfar da ya yi nasa karatun, da tsoho mai furfura da saurayi da mai goyo duk allo ɗaya suke kallo, abin da malam ya rubuta ran nan shi ne darasin kowa. A wurinsa darasin lakwal ɗaya ne, kamar yadda huɗubar Juma'a take ɗaya.

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya ɗora sabon kaye, littafin rubutu, a gwiwa, ya cire bik. Rubutun da Faransanci yake, ba ya jin ko kalma ɗaya. Amma ya san haruffa. Sai ya dubi ɗaya a waya, ya riƙe shi a ido, ya sauke shi a takarda, ya koma ya ɗauko na gaba. Har ƴan ɗigo da ƴan hulunan da ke kan wasu haruffa bai bar ko ɗaya ba. In wayar ta yi duhu ya ce, "Halilu, ta rufe ido." Shafi biyu suka ɗauke shi har rana ta take tsaka.

Barira tana surfe da ya shigo gida. Ƙafafunsa sun yi fari fat, leɓensa ya bushe. Bai nemi ruwa ba, kaye ya fara miƙa mata.

"Ga karatunku na kwaso miki. Duba ki gani ko na bar wani abu."

Ta goge hannu a zane ta buɗe. Ashirin da uku a tara da goma sha huɗu. Sunayen kwanakin mako. A ja layi ƙarƙashin sunan dabba. Ta juya shafi, ta dawo. Ta ɗaga kai ta dube shi, yana tsaye yana jira, bik ɗin ya yi masa tabo shuɗi a yatsu biyu.

"Ba ka bar komi ba, Baba," ta ce. "Sannu da hanya."

Kafin ya gama shan fura ta gama aikin. Ya karɓi kayen yana juya shi, yana dariya shi kaɗai. Da la'asar a gindin bedi ya ce, "Abin da na yi rabin wuni ina kwasa, kafin in aje ludayi ta cinye shi." Daga ranar Barira ta koyi jan aikin. Sai ta zauna da kaye a cinya tana tauna bayan bik, ta bari inuwa ta matsa, sannan ta rubuta.

Sau uku a mako yake zuwa, Litinin da Laraba da Asabar. Azumi ya kama, bai fasa ba. Akwai ranar da ya dawo ya zube a zaure, Sakina ta jiƙa tsumma tana shafa masa a wuya tana faɗa, shi kuwa hannunsa na kan aljihu yana lalubar ko kaye na nan. Sau ɗaya Barira ta je gidan su Latifa, ƴar ajinsu, wadda ubanta ke aiki a Malbaza yana da babbar waya. Uwar Latifa ta tare ta a bakin ƙofa ta ce ba a shigo mata gida da cutar nan, kowa ya zauna ɗakin uwarsa. Barira ta dawo, ba ta faɗa wa kowa ta je ba. Kaye ɗaya ya cika, aka shiga na biyu.

Bayan ƙaramar salla da kwanaki aka ce a koma lakwal.

Yakuba ya sa rigar sallarsa ya raka ta. A bakin filin lakwal an ajiye bokiti mai famfo da sabulu, yara sun yi layi suna wanke hannu, kowa da takunkumin atamfa da uwarsa ta ɗinka, wani a haɓa, wani a goshi. Malamin aji shida, Mushe Fa'izu, yana tsaye bakin ƙofar aji da bulalar roba a hammata. Saurayi ne dogo, daga Konni yake zuwa kullum a babur, kuma ba ya ɓoye cewa ya ƙosa a ɗauke shi daga wannan ƙauye.

Ya yi musu bayani da Faransanci, sannan ya maimaita da Hausa saboda iyayen da ke tsaye. An ce yara biyu kawai a kan benci, ba huɗu ba. Su sittin da takwas ne, ajin ba zai ɗauki fiye da talatin ba. Saura mako shida a yi jarrabawar ƙarshe. Shi ba zai ɓata mako shida a kan waɗanda suka yi wata biyu suna barci ba. Wanda kayensa ya nuna ya bi darasi ya shiga ciki, sunansa ya tafi cikin masu jarrabawa. Saura su zauna rumfar zana su jira baɗi.

Aka fara miƙa kaye. Wani shafi biyar, wani uku, wani ya ce akuya ta cinye nasa. Da aka zo kan Barira ta tsaya ƙiƙam, kayen biyu a ƙirji. Yakuba ya taɓa kafaɗarta.

"Miƙa mai mana."

Mushe Fa'izu ya auna nauyinsu a hannu ya ɗaga gira. Yakuba bai iya haƙuri ba, ya matso.

"Ni na kwaso shi, Mushe. Da hannuna. Tun daga Tsarnawa, ko rana guda ban tsallake ba."

Mushe ya buɗe. Ya juya shafi ɗaya, biyu, ya tsallaka tsakiya. Sai ya ja takunkuminsa ƙasa, don dariyar ta samu hanya.

"Ku yi shiru! Ku saurara ku ji karatun manya." Ya ɗaga kayen sama. "Barira ta yi wata biyu tana bincike. Ta gano Talata na bin Litinin."

Yara suka fashe.

"Ba ta tsaya nan ba. Ta gano kare dabba ne. Ku tafa mata!"

Suka tafa. Har iyayen da ke tsaye wasu suka rufe baki da gefen mayafi. Yakuba yana murmushi tare da su, yana duban wannan yana duban wancan, bai gane ba tukuna.

"Baba," in ji Mushe, "wa ya aike ka?"

"Shela anka yi, Mushe."

"Wanga darasin aji uku ne. Na masu majina. Kilomita nawa ka ce?"

"Bakwai."

"Zuwa da dawowa sha huɗu. Da azumi a baki." Ya juya ga yara. "Wa zai lissafa muna kilomita nawa Baba ya taka don ya kwaso kwanakin mako? Barira, ke ce gwanar tarawa yanzu."

Murmushin Yakuba ya tsaya a fuskarsa, ya rasa inda zai kai shi. Hannunsa ya hau aljihu ya rufe kan bik ɗin.

Mushe ya sunkuyo daidai fuskar Barira. "Shi tsoho ne, an yi mai uzuri, zane yake yi. Ke fa? Shekara bakwai kina cin alli a lakwal ga. Kin san na aji uku ne, ko ba ki sani ba?"

Barira ta dubi ubanta ta gefen ido. Shi ma ita yake kallo, bakinsa a ɗan buɗe.

"Ban sani ba," ta ce.

"Ɗaga murya."

"Ban sani ba, Mushe."

"To madalla. Wadda ba ta iya bambanta aji uku da aji shida ba, na san wurin zamanta."

Bai kai ta rumfar zana ba. Ya kama bakin mayafinta da yatsu biyu, ya ratsa fili da ita, duk lakwal na kallo, har ƙofar aji uku. Ya ce wa madam ɗin ajin ga baƙuwa ya kawo mata, ta yi nisa sosai, a sa ta gaba. Aka zaunar da ita a tabarma tsakanin yara ƴan shekara takwas, gwiwoyinta sun kai musu kafaɗa.

Yakuba bai jira ya ga ƙarshe ba. Kafin ya isa gida labari ya riga shi gindin bedi. "Malam Yakuba, yau wace rana ce?" wani ya jefo. "Duba muna cikin kaye."

Da Barira ta dawo da azahar ya tare ta a tsakar gida. Bai taɓa dukanta ba, ran nan ma bai doke ta ba.

"Shekara bakwai," ya ce. "Na hana ki talla, na hana ki kiwo. Ni ban yi lakwal ba, ke kin yi. Abin da yaro mai majina ya sani, ke ba ki sani ba. Ashe kan naki fanko ne, ni ina ta yawo da ke a baki cikin mutane."

"Malam," in ji Sakina daga bakin murhu.

"Ki yi min shiru. Ita ta sa anka yi min dariya da rigar salla a jikina."

Barira tana tsaye, ido a ƙasa.

Kwana tara ta yi tana zuwa aji uku. Yaran suka raɗa mata Inna Talata. In ta fito shan iska sai ƴan ajinsu na da su kewaye ta suna rera kwanakin mako, Latifa na cikinsu, ko da yake ita a hankali take yi. Ta taga tana jin muryar Mushe Fa'izu yana koya wa talatin ɗin da ke ciki lissafin da ta san rabinsa. Ran na goma aka yi ruwan shuka. Yakuba ya ce ba ya ga amfanin ƙaton mutum ya zauna cikin jarirai gona na jiran hannu. Ta ajiye jaka ta ɗauki ƙwaryar iri. Daga nan ba ya kiran sunanta. "Ke, kawo ruwa." "Ke, wuce gaba." Bik ɗin ma ya daina fita da shi.

Mako uku suka wuce a haka. Gero ya tsiro, aka ga gurabun da bai fito ba, za a cike su a sa wake a tsakani. Yakuba ya ce wa Sakina ta ba shi irin waken da ta ajiye. Ta ciro ƙunshi daga cikin tulu, an naɗe shi da tsohuwar takarda an ɗaure da zare. Ya kwance ya juye waken a ƙwarya. Zai yar da takardar, hannu ya ƙi. Ya shimfiɗa ta a gwiwa ya lallatsa.

Rubutun yaro ne, ƙanana, sun karkace. Bai iya karanta kalmomin ba, amma idonsa ya san su. Ga doguwar nan mai hula a tsakiya wadda ta ba shi wahala ran da motar siminti ta watsa masa ƙura. Ga bakwai ɗin nan a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, da ya kwasa ran farko. Ya bi su da yatsa, harafi bayan harafi, ba wanda ya ɓace masa. A gefe an rubuta goma bisa goma da jan bik. A sama akwai suna, shi kam ya iya karanta shi.

"Sakina, wagga takarda ta ina ce?"

"Tsohon kayen Barira ne, na tun tana ƙarama. Shi nike yaga ina ƙunshi."

"Tana aji nawa?"

Sakina ta ci gaba da tankaɗe. "Shekarar da anka haifi ƙanenta Imrana. Ka lissafa."

Ya lissafa. Ya daɗe zaune, takardar a gwiwa.

"Ta sani ke nan."

"Tun ran da ka fara kawowa. Bayan rumbu na iske ta tana kuka. Ta ce in na hwaɗa maka ba ta ƙara cin tuwona." Ta buga rariya a tafin hannu. "Kai kuwa ka ce kanta fanko ne."

Ya naɗe takardar ya nufi lakwal, ko hula bai ɗauka ba. Ya tarar an tashi, Mushe Fa'izu yana ɗaure jaka a bayan babur.

"Mushe, don Allah minti guda. Duba nan. Ta san na aji uku ne, ga shaida, ta ci goma tun tana ƙarama. Ni ta rufa ma asiri. Laifina ne, ba nata ba. A gwada ta, ko yanzu. Ka ba ta lissafin da ya fi kowane wuya."

Mushe ya dubi takardar, bai karɓa ba. "Ƙarya ta yi min ke nan a gaban aji."

"Don ni ta yi."

"To ta kyauta maka." Ya hau babur. "Sunaye sun tahi Konni tun ran Alhamis. Talatin anka nema, talatin na aika."

"A ƙara ɗaya. In bi ka Konni, in roƙe su da bakina."

"Da ƙahwa?" Ya tada injin. "Baba, ko an sa ta, mi za ta rubuta? Wata uku ba ta ga darasin ajinta ba. Ga darakta can, tambaye shi ko ana maimaitawa sau biyu."

Darakta yana wanke hannu a bokitin famfo. Ya saurari Yakuba har ƙarshe, ya yarfe hannu, ya ce abin ba daɗi, amma doka ba shi ya yi ta ba. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Gonar Yakuba tana bayan gari, wajen fadama. Daga nesa ya hango Barira ita kaɗai, ƙwarya a hannun hagu. Tana jefa iri a rami, ta rufe da diddige, ta matsa gaba. Maƙwabtan gona uku suna nan kusa suna nasu aikin, biyu daga cikinsu masu zaman gindin bedi ne. Ɗaya ya ɗaga kai ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskar Yakuba ya fasa.

Ta ji tafiyarsa ba ta waiwayo ba. Ta matsa gefe ta ba shi layi, tana tsammanin aiki ya zo kamawa.

"Barira."

Ta tsaya.

"Na je lakwal. Sunaye sun tahi. Ba a sa ki ba, kuma sun ce ba baɗi."

Ta gyaɗa kai. Ta jefa iri uku a rami ta rufe.

Ya zagayo gabanta ya tare layin. Ya rasa yadda zai yi da tsawonsa, sai ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, takardar a hannu. Maƙwabta suka dogara a kan sungumi suna kallo. Bai rage murya ba.

"Ni na kwaso miki darasin da ba naki ba. Kinka gani kinka yi shiru don kada in ji kunya, ni kuma na tsaya tsakar gida na ce kanki fanko ne. Karatunki ni na kashe shi, da ƙahwata da bakina. Ba ni da abin da zan mayar miki da shi. Barira, ki yahe mini."